Mai shagon amare ta hana mu taɓa rigar ƙanwata: ƙa'ida ce ko wulaƙanci?

Tambaya: Wata 'yar uwa daga Kano ta rubuto cewa bikin ƙanwarta saura mako biyar. Sun je gwaji shagon da ake ɗinka wa amarya farar rigar dina su bakwai, har da gwaggonsu da yara biyu. Mai shagon ta ce mutum biyu kaɗai za su bi amarya ɗakin gwaji, ta hana a taɓa rigunan da ke rataye, ta hana ɗaukar hoto, ta kuma sa amarya ta goge hodar fuskarta kafin ta saka rigar. Ta ce abin ya ɓata mata rai ƙwarai, don da kuɗinsu suka je. Tana so ta san ko haka sana'ar take ko raini ne, kuma idan sun karɓo rigar yaya za su adana ta har ranar biki.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya. Na fahimci ɓacin ranki, tun ma ba da gwaggo a tafiyar ba, don babu mai son a tsayar da babbarsa a bakin ƙofa. In da ɗaga murya ko yatsina aka faɗa muku, mai shagon ta yi kuskure a nan. Kamata ya yi ta ba gwaggo kujera, ta kawo mata ruwa, ta yi mata bayani da ladabi. Amma abubuwa huɗun da ta nema, ni ma su nake nema a shagona, kuma na haura shekara 20 ina ɗinkin amare. Bari in gaya miki abin da idona ya gani.

A duk rigunan da suka lalace a gabana, da wuya ki sami wadda mai mugun nufi ya ɓata. Masoyan amarya ne ke ɓata su, cikin murna. Akwai wata riga ta farin satin da ba zan manta ba. Saura kwana biyu biki aka zo karɓa, ƙanwar mahaifiyar amarya ta shigo tana guɗa, ta kama ƙirjin rigar da hannu biyu tana cewa masha Allah, tana sa albarka. Ashe kafin ta fito daga gida ta murza humra a tafin hannunta. Da ta saki, sai ga sawun yatsu a jere, launin ruwan zuma, daidai inda idon kowa zai fara sauka. Humra mai ce da launi a haɗe, satin kuwa shan mai yake yi nan take. Baiwar Allah nan ta fi kowa shiga damuwa, har da hawayenta. Daren nan ni da yarana biyu ba mu runtsa ba, muka yanko furanni daga ragowar leshi muka ɗinke su da hannu ɗaya bayan ɗaya a kan tabon, muka yi irinsu a ɗaya gefen don kada a gane. Rigar ta fita, amma ba yadda amarya ta zaɓa tun farko ba. Tun daga ranar na daina jin nauyin cewa a yi haƙuri kada a taɓa.

Na san inda sabon ya samo asali. Mu a Kantin Kwari muka koyi sayen kaya, kuma a can hannu ne alƙali. Ki murza shadda ki ji ko Getzner ce ta gaske, ki shinshina ta, ki damƙe gefen atamfa ki saki ki ga yadda za ta koma. Wannan daidai ne ga yadin da ba a yanka ba. Rigar da ke rataye a shagon amare kuwa ta riga ta zama ta wata. An biya kuɗinta, an auna ta a jikin mai ita, amana ce a hannun mai shago. Ga shi kayan da ake yin ta da su ba su da juriyar namu. Farar rigar nan ta zama yayi ne a Turai bayan da Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta saka farin satin a aurenta a watan Fabrairu na 1840, cikin sanyin Landan. Mu kuma muka ɗauko ta muka kawo ƙasar lalle da dilka da turaren wuta, ƙasar ƙurar hunturu da zafin Afrilu da ke kai digiri 40. Net ɗin da ake yin siket da mayafi da shi, ƙaramin zobe ko awarwaro ko tsinin farce ya isa ya ja masa zare, kuma net ba ya karɓar faci. Maiƙon hannu ma kaɗai, wanda ido ba ya gani, in ya sauka a farin yadi ƙura za ta bi ta manne a wurin, bayan mako biyu ki ga duhu-duhu ki rasa daga ina ya zo.

Maganar mutum biyu kuma, ba ƙanƙantar ɗaki ce kaɗai ba. Ɗakin gwaji wuri ne da mata ke tuɓewa. Wataƙila a bayan labule akwai wata amaryar daga ita sai shimi, ita ma tana da hakkin a suturta ta. Yara kuwa ƙasan shagon ɗinki ba ya rabuwa da fil da allura da ƙananan duwatsu masu sheƙi, waɗanda yaro zai iya jefawa a baki. Sai kuma abin da ya fi damuna, wato ita kanta amaryar. Mutum bakwai baki bakwai ne. Wannan ta ce wuyan ya yi ƙasa, waccan ta ce hannun ya yi tsawo, wata ta ce na 'yar gidan wane ya fi kyau. Na sha ganin yarinya ta shigo fuskarta fal murna, ta fita idonta ya kaɗa, a kan rigar da ita ta zaɓa kuma ta yi mata kyau. Maganar wuya da hannu da yadda za a rufe jiki, a gida ake gama ta tun kafin a sa almakashi, da sanin mahaifiya, har da jin ra'ayin ango in gidan masu yin haka ne. Bayan an yanka, gyara kaɗan ne yake yiwuwa.

Mutum biyun da nake so in gani su ne wadda maganarta ke yanke hukunci, uwa ko wakiliyarta, da wadda za ta shirya amarya ranar biki. Ta biyun nan ita ce mafi muhimmanci a duk bayanin da zan yi miki, kuma ina ganin ke ce. Rigar amarya tana bukatar mutum ɗaya tak da za a ce ita ke da alhakinta, daga ranar karɓa har ranar da za a kai ta wanki. In aka bar wa ƙawaye gaba ɗaya, kowa zai zaci wata na kula, a ƙarshe a tsinci rigar a kan gado yara na tsalle a gefenta. Ke za ki tsaya a gwajin ƙarshe ki ga yadda ake jan igiyar baya daga sama zuwa ƙasa, da inda ake cusa bakinta, da maɓallin da ake ɗage jelar rigar da shi. Kada ki tsaya a kallo, ki ce a bari ki ɗaura da hannunki sau ɗaya a gaban mai ɗinkin.

Goge hoda da aka sa ƙanwarki ta yi, gata aka yi wa rigarta. Hodar ruwa da jambaki da gazal duk akwai maiƙo a cikinsu, kuma wuyan riga suke fara kamawa lokacin da ake zura kai. Ranar gwaji amarya ta zo da wanka, ba mai, ba turare a jiki, ba kwalliya. Ta zo da takalmin da za ta saka ranar, don da shi ake yanke tsawon riga, da kuma rigar maman da za ta saka, don ita ke sauya zaman ƙirji. Kada a haɗa ranar gwaji da ranar dilka ko kurkur. Kurkur rini ne sosai, rawayarsa tana fita da gumi ta zauna a shafin riga. Lalle ya fi su duka. Sinadarin da ke sa shi kama fata da farce, shi ne ke sa shi kama siliki, kuma in ya kama ya kama ke nan. Baƙin lalle kuwa dayis ne, yakan ci gaba da saki a rana ta farko in hannu ya yi gumi. Don haka ni ina sa gwajin ƙarshe kwana bakwai zuwa goma kafin biki, kafin a zauna zaman lalle. Kuma amarya ta faɗa wa mai ɗinki gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in tana shan kayan gyaran jiki masu sa ƙiba, ko kuwa hidima ta sa ba ta cin abinci tana ramewa, a sani, a bar inci ɗaya ko biyu a cikin ɗinki. Rage riga abu ne mai sauƙi, ƙara ta ne aiki.

Hoto yana da fuska biyu, zan faɗa miki duka. Ta farko tamu ce, masu sana'a. Mutum zai kwana yana zana fasali, ya ɓata yadi yana gwadawa, sai a zo a ce gwaji za a yi, a ɗauki hoto gaba da baya, a kai wa wani telan ya kwaikwaya da araha. Wanda aka taɓa yi wa haka dole ya riƙa kaffa-kaffa. Ta biyu ta mata ce. Shagon amare duk madubai ne, kina ɗaukar ƙanwarki madubi na ɗauko wata a bayanta kanta ba ɗankwali, kuma hoto in ya shiga WhatsApp ya fi ƙarfin mai shi. Abin da nake yi a wurina, in an gama biya, ina tsayar da amarya a gaban farin labule a ɗauke ta da wayarta ita kanta, don ta nuna wa mahaifiyarta. Ki nemi haka da lalama, da wuya a hana ki.

To amma kada ki ɗauka duk hakkin na mai shago ne. Ku ma kuna da naku, kuma ina jin takaicin yadda wasu abokan sana'ata ke wasa da shi. Yadda ta hana ku ɗaukar hoto, ita ma ba ta da ikon saka rigar ƙanwarki a Instagram kafin biki, balle fuskarta, sai da izininta. Ba ta da ikon bari wata mai saye ta gwada rigar don ta ga ko irinta za ta yi mata kyau. In tela namiji ne ke yanka, kuna da ikon cewa mace ce za ta yi awo, kuma shagon kirki ba ya jira a roƙa. Ragowar yadi naku ne. Leshi yadi biyar ake sayar da shi, atamfa turmi yadi shida, in an yi ɗinki an sami saura a naɗe a ba ku, ko don ranar da za a bukaci gyara irin wanda na ba ki labari. Sannan a rubuta komai: kuɗin ɗinki, kafin alƙalamin da aka bayar, cikon da ya rage, ranar gwaji, ranar karɓa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu kunya a neman rasit ko da mai ɗinkin 'yar uwa ce. Wasu na ba da shawarar a yi wa tela ƙaryar ranar biki don ya yi sauri. Ni ban yarda da wannan ba. Ku faɗi ranar gaskiya, ku rubuta ranar karɓa daban, ta riga ta da aƙalla mako guda. In bikin ya faɗo a Sha'aban, ko dab da Sallah, ko a Disamba, lokacin da aiki ke yi wa kowane shago yawa ga kuma matsalar wuta, ku ƙara wa kanku lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar karɓa kada ku yi gaggawa. Ku fito da rigar inda hasken rana yake, don fitilar shago tana ɓoye tabo. A ja zif sama da ƙasa sau uku, a duba hammata da bakin ƙasa, a shafa bayan yadi a ji ko akwai fil da aka manta. Amarya ta zauna a kujera da rigar, ta ɗaga hannu, ta yi taku goma, ta gwada durƙusawa kamar za ta gaida iyaye. Riga da yawa tana da kyau a tsaye, sai an zauna ƙashin da ake ɗinkawa a cikinta don ta tsaya ya soki haƙarƙari. Ki kuma yi tambaya ɗaya da mutane ba sa yi: duwatsun nan ɗinka su aka yi ko manna su aka yi da gam? Amsar ita za ta nuna yadda za a yi guga da wanki. In rigar ta haya ce, ku ɗauki hoton duk wani tabo ko yagewa a gaban mai shago kafin ku fita, a rubuta abin da zai sa a taɓa kuɗin ajiyarku. Rigar haya ba a rage ta, ba a wanke ta a gida, kuma a mayar ranar da aka yi alkawari, don wata amaryar na jiran ta a Asabar mai zuwa.

A hanya, a shimfiɗa ta a kujerar baya, kada a cusa ta a but tare da kayan miya da jarkar mai. Kada a bar ta cikin mota a rufe a rana a ce bari a biya kasuwa, zafin cikin mota yana sassauta gam duwatsu su fara zuba.

In kun isa gida, ki cire ta daga leda. Leda tana riƙe danshi, da damina kwana kaɗan ya isa fumfuna ta fito, kuma ɗigon fumfuna a farin yadi ba ya fita gaba ɗaya. Ki sami farin zanin gado na auduga wankakke ki lulluɓe ta da shi. In mara nauyi ce, a rataye ta da 'yan igiyoyin nan biyu da ke ɗinke a ciki ta wajen hammata, don saboda haka aka yi su. In aka rataye ta da kafaɗa, net ɗin kafaɗar zai miƙe. In kuwa mai nauyin duwatsu ce, kwantar da ita ya fi, a saman gado ko kan sif a ɗakin da ba a shiga. Ki kulle ɗakin ki riƙe makullin. Gidan biki gidan jama'a ne, kuma mun saba a buɗe akwatunan lefe kowa ya ɗaga ya gani ya sa albarka. Rigar dina ba ta cikin wannan. Duk wadda ta ce a nuna mata, ki ce tana wurin ajiya, za ta gan ta a jikin amarya in sha Allahu.

Yanzu ga inda na fi samun gardama da iyayenmu mata, wato turare. Amarya ba ta fita ba ƙamshi, wannan ba a ja da shi. Amma farar riga ba a turara ta. Hayaƙin turaren wuta yana ɗauke da maiƙon sandal da sukarin da aka dafa shi da su, yana barin rawaya-rawaya a farin yadi. Mafi haɗari kuma, yawancin net da satin da ke kasuwa yanzu na roba ne, ba sa jiran harshen wuta, zafi kaɗai ke narkar da su. An taɓa dawo mini da siket da rami kamar faɗin tafin hannu, bakinsa ya ƙandare ya yi baƙi, don an kifa shi a kan kasko na ɗan lokaci kaɗan. A turara jiki, a turara gashi da shimi da duk abin da ke ciki. Humra da kulacca a shafa su inda riga ba ta taɓawa kai tsaye, a bari su sha iska. Turaren fesawa ma a fesa kafin a saka riga, ya bushe, don yana barin zobe a satin. Guga kuma ba da dutsen gawayi ba sam. Tururi ake yi mata. In babu na'urar tururi, ki rataye ta a banɗaki mai tsabta, ki ajiye bokitin tafasasshen ruwa nesa da bakinta, ki rufe ƙofa na minti 20, yawancin tattarewar za ta saki. In dole sai an sa dutse, a rage wuta sosai, a juya bayan yadin, a ɗora farin ƙyalle a tsakani, kuma kada ya kusanci net ko duwatsu.

Ranar biki a gama kwalliya tukuna, amarya ta ci abinci, ta kama ruwa, ta yi alwala, sannan riga. In ana shiga ta ƙasa, a shimfiɗa zani a buɗe rigar a kai ta taka ciki. In ta sama ce, a yafa mata siririn gyale ya rufe fuska duka kafin a zura. Ke mai shiryawa ki wanke hannu, ki tuɓe zobe da awarwaro. A jakarki ki riƙe allura da farin zare, da fil, da farin ƙyalle, da hodar jarirai. In tsautsayi ya faɗa, kada a murza, murzawa ke tura tabo cikin zare. A dangwala da busasshen ƙyalle a tsotse. In maiƙo ne, a barbaɗa hodar jarirai a bar ta minti goma ta sha, a kakkaɓe. Kada a sa ruwa a satin, sawun ruwan yakan fi tabon fitowa a hoto, kuma kada wata ta kawo ruwan goge jan farce, akwai irin satin da yake narkarwa. Zoɓo da lemo mai launi su jira a canza kaya. Kafin a fara rawa da liƙi ki ɗage jelar rigar ki maƙale ta, don a filin liƙi idon kowa na kan amarya, ƙafafu kuwa na kan jela. Wajen shiga mota ke za ki tattaro ta ki ɗora mata a cinya, ki duba kafin a rufe ƙofa.

Bayan biki kowa ya gaji, nan ne ake cusa riga a akwati da guminta a manta. Gumi da ɗigon lemo ba sa nunawa a ranar, sai bayan watanni su fito launin ƙasa-ƙasa, a lokacin sun riga sun zauna. Ki shanya ta a inuwa daren nan, cikin mako guda ki kai ta wurin masu wankin zamani da suka saba da kayan amare, ki nuna musu kowane tabo ki faɗi abin da ya jawo shi, ki kuma gaya musu in duwatsun na gam ne, don ruwan wankinsu yana iya zubar da su. Bilic kada ya kusance ta.

Game da gwaggo kuwa, kada a bar maganar haka. Ki kira mai shagon tun yanzu, ki ce a gwajin ƙarshe kuna so gwaggo ta kasance cikin mutum biyun, ko a ba ku lokacin da babu wata amaryar, da safe kafin shago ya cika. In an gama ɗaure igiya an yafa mayafi, a buɗe labule a kira ta ta ga 'yarta tsaf, ta sa mata albarka. Ki gaya mata labarin humrar nan a mota kafin ku isa, za ki ga ita da kanta ta naɗe hannunta a cikin mayafi.